Ko Ya Ji Muryar Ubansa

Gajeriya ake ce mata a wurin aiki, mijinta ma haka yake kiranta. Ita ke share kejin ɓerayen Masar a ɗakin bincike, ta sauya musu garin katako, ta zuba ruwa da ganye. Likitar da ke wurin kuwa, kunnen ’ya’yan ɓerayen da ke cikin ciki take nazari, tana son sanin lokacin da suke fara ji.

Sati na farko ke nan da Gajeriya ta dawo aiki bayan ta yi ɓari. Namiji ne. Mijinta tela, tun da cikin ya fito ba shi da abokin hira sai shi. Yakan sunkuya ya gaishe shi, ya kai masa ƙarar masu kawo ɗinki, har ya ce, “Kai dai kar ka ɗauko tsawon uwarka.” Yanzu ya daina surutu. Da safen nan ya riƙe mata jaka a bakin ƙofa, ya ce, “Ki tambayar mini likitarku. Ya ji ni kuwa?”

Ta wanke kwanukan ruwa sau biyu don rashin yadda za ta fara. Sai da Likita ta ɗago daga madubinta na ƙara girman abu ta ce, “Ƙanwata, kin kusa huda kwanon nan. Mene ne?”

Ta faɗa, idonta a ƙasa.

Likita ta jawo mata kujera, ta sa ɗan gilashi a ƙarƙashin madubin. “Leƙa. Rufe ido ɗaya, ba duka ba.”

Wani abu ta gani kamar katantanwa, ya naɗe sumul, ruwan hoda.

“Can cikin kunne ke nan, na ɗan tayin ɓera. Namu ma haka yake. A cikin naɗin akwai wasu ’yan gashi, su ke kama sauti. Naɗin yana riga su ginuwa. Wata nawa naki?”

“Huɗu.”

Likita ta cire gilashin, ta daɗe tana goge shi da haɓar rigarta.

“Ba zan ɓoye miki ba. Kunnen ya ginu, amma bai fara aiki ba. Da saura kaɗan.”

“Kaɗan,” in ji Gajeriya. Ta yi godiya, ta koma ta ƙarasa keji na ƙarshe, inda wata mai tsohon ciki ke tauna ganye, gefenta yana motsi.

Da yamma ta biya shagon mijinta. Yana kan keken ɗinki, ƙafarsa a kan mataki amma bai taka ba, zare a baki. Da ya gan ta ya cire zaren.

“Kin tambaya, ko kunyar taki ta hana?”

“Na tambaya, maigida.”

“To?”

Ta dubi hannunsa, ya damƙe gefen yadin har ya yamutse.

“Ta ce kunnen ya ginu. Har ta nuna mini irinsa a madubi.”

Ya saki yadin a hankali. Ya yi ’yar dariya, hawaye na bin gemunsa.

“Ashe duk shirmen nan ya sha shi. Allah sarki, yaron kirki, bai taɓa ce mini na ishe shi ba.”

Ya goge fuska, ya taka keken. Gajeriya ta zauna a benci ta bayansa, inda ba zai ga fuskarta ba, ta ɗauki wata riga tana tsinke mata zare.