Hoto na Bakwai a Bangon Ɗakin Karatu

Mai duba makarantu yana bin hotunan mashahuran duniya da aka jera a bangon ɗakin karatu, malamar tarihi na biye da shi tana faɗin sunayensu. A hoto na bakwai ta tsaya cak. Wani tsoho ne mai tabarau, ba ta taɓa ganinsa ba.

Ta waiga wurin kafintan da ya kafa hotunan, yana tsaye a gefe. Ya matso ya raɗa mata, "Malama, ki rufa min asiri, babana ne. Garin sauri na haɗo da nasa."

Mai dubawa ya ƙura wa tsohon ido, can ya gyaɗa kai.

"Wannan kam ba sai kin faɗa ba, Malama. Mun sha karanta tarihinsa a jami'a."