Keken Yaya, Wata Bakwai a Shagona

Yayana ya kawo mini kekensa ranar wata Talata, ya ce Talata mai zuwa zai zo ya ɗauka. Ni ma haka na ce masa.

Keken hawan dutse ne irin na da, na ƙarfe zalla, kore, mai faɗin taya. Shekara talatin da ɗaya yana hawansa. Da shi ya raba wasiƙu a unguwannin kan tudu har ya ajiye aiki, kuma da ya ajiye aikin bai ajiye keken ba. Kullum da safe sai ya zagaya bayan madatsar ruwa ya dawo, tafiyar awa ɗaya da ɗan ɗori. Likitan ƙashi ya taɓa gaya masa a gabana cewa gwiwoyinsa sun riga sun cinye, wannan zagayen ne kaɗai ke riƙe da su. Ya ce tafiyar ƙasa ba za ta maye gurbinsa ba, don nauyin jiki duk a kan gwiwa yake sauka, kuma in ya zauna wata biyu zuwa uku, to ya zauna ke nan. Lokacin ina da shekara sittin da takwas, Yaya ya ba ni shekara biyar.

Ciwon wuyan hannu ne ya kawo shi. Hanyar bayan madatsa duk tsakuwa ce da ramuka, gaban keken kuma sandararre ne, duk dukan da taya ta sha sai ya hau masa har kafaɗa. Ya ce in naɗa masa wani abu mai laushi a mariƙi, ko soso ne, in kuma duba tayar gaba. Aikin rabin awa. Ni ne na ce a'a. Na ce masa fok ɗin za a canja, wato ƙafafun nan biyu da ke riƙe tayar gaba. Akwai mai shok, irin na kekunan yanzu, mai nutsewa yana tasowa yana shanye duka. Na ce in na sa masa shi, zai bi ramukan nan kamar yana kan katifa.

Tun muna yara yake kirana Injiniya, kuma ba don yabo ba. A aji huɗu na bar makaranta, saboda duk abin da aka ba ni sai na buɗe cikinsa, kuma ba kullum yake rufuwa ba.

"Injiniya," ya ce, "mako ɗaya. Ban ce ka mayar mini da shi jirgin sama ba."

Shagona ɗaki ne siriri tsakanin mai gyaran takalma da mai walda. Na rataye keken a ƙugiyar da ke jikin rufi, na kwance tsohon fok ɗin, washegari na tafi wurin masu tsoffin ƙarafa na samo mai shok, ja, kusan sabo. Murna ta hana ni auna komai. A rana ta uku ma sai na dubi tsohon fok ɗin yana kwance a ƙasa, na ga ai ya yi daidai da abin da ake ɗora taya a kai in za a miƙar da ita. Na yanke masa wuya, mai walda ya liƙa mini shi a kan teburina ƙafafu sama. Sai da yamma na ɗauko jan fok ɗin zan zura, ya ƙi shiga. Kekunan zamanin da maƙogwaronsu siriri ne, na yanzu kuma wuyansu kauri. Bambancin bai kai kaurin farce uku ba, amma ƙarfe ba a lallashinsa.

Talata ta zo ta tarar da keken ba ƙafafun gaba. Na ba Yaya aron wani keke da ke shagon. Kwana biyu ya hau ya dawo da shi, ya ce gajere ne, gwiwarsa tana dukan mariƙi, sirdin kuma bai san shi ba. Ya ce zai jira nasa.

Sai da na yi mako shida kafin na samu fok mai siririn wuya, a ƙarƙashin tarin ƙafafun gadon asibiti. Da na buɗe cikinsa na ga abin da ban taɓa gani ba. Ashe ba sifirin ne a ciki ba, naɗaɗɗen ƙarfen nan mai lotsawa ya taso, wasu robobi ne aka jera, kuma tsufa ya narkar da su sun zama kamar ƙaro, rawaya, masu warin tsohon magani. Na kwashe na zuba a kwalba na ajiye a taga. In rana ta doke ta sai abin ya riƙa gangarawa gefe ɗaya a hankali, in na juya kwalbar ya kwana yana komawa. Na yi ta tunanin yadda roba ke gajiya da zama roba. Ba zan ɓoye ba, na fi kwana goma ina kallon kwalbar nan fiye da yadda nake kallon keken.

Daga nan na shiga neman abin da zai maye gurbin robobin. Na yanka tayar babbar mota ƙanana-ƙanana na jera, ya yi tauri kamar ba a sa komai ba. Na sa sifirin na injin ban ruwa, gaban ya riƙa tsalle kamar kwaɗo. Sai da na haɗa biyun, sifirin a ƙasa roba a sama, na zuba ɗan mai, sannan ya nutse ya taso a natse kamar ƙirjin mai barci. Amma wannan fok ɗin ba shi da wurin ɗaura tsohon birki, sai birki mai faifai. Faifan kuma ba ya zama a tsohuwar cibiyar taya. Cibiyar da na samo ta fi ta da faɗi, don haka wayoyin taya talatin da shida duk suka yi tsawo, sai da na rage su ɗaya bayan ɗaya.

Ana cikin haka matar Yaya ta biyo ta shagon daga kasuwa. Ni da ita tun tana amarya muke tsokanar juna. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗaga kai ta dubi keken a rataye, ta tambaye ni ko shanya shi nake yi. Ta ce na mayar mata da miji tukunyar fure, kullum yana bakin taga, saura ta fara ba shi ruwa da safe. Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce ya gwada fita da ƙafa sau uku, kowane karo sai ta kwana tana gasa masa gwiwa.

"Ka ba shi kekensa ko da ƙafa ɗaya ne," ta ce.

Na ce mata saura kaɗan, kuma a ranar gaskiya na faɗa.

A wata na huɗu gaban ya kammala. Na sauke keken na hau na bi lungun bayan shaguna, inda ruwan sama ya farfasa hanya, ina neman ramuka da gangan. Hannuna bai ji komai ba. Na dawo ina jin kamar in tara mutane. To amma da na jingine shi na ja da baya ina kallo, sai bayan ya yi mini muni. Sarƙa ta saki, haƙoran giya sun yi tsini. Kuma akwai wata giya da na gani a wurin masu ƙarafa, mai hawa tara, babban cikinsu ya kai faɗin faranti. Na ce a raina da wannan Yaya zai hau tudun madatsa yana hira. Na ja tamfol na rufe keken.

Ko awa ɗaya ba a yi ba sai ga Yaya. A motar haya ya zo, abin da ban taɓa ganin ya yi ba a cikin gari. Ya shigo ya zauna a kan benci, ya sa hannu biyu yana murza gwiwarsa ta dama. Ya tambayi aiki. Keken yana bayana, cikakke, da iska a tayoyinsa.

Na ce, "Saura kaɗan, Yaya."

Ya gyaɗa kai. Muka yi hirar rufin ɗakinsa da ke yoyo, ya tashi da ƙyar ya tafi. Yana fita na kwance tayar baya.

Giya mai hawa tara ba ta shiga bayan tsohon keke, sai an buɗa ƙarfen. Na buɗa shi da katako a hankali, ya karkace gefe ɗaya, na yi mako biyu ina daidaitawa da zare. Sabuwar giya ta ƙi tsohuwar sarƙa, sabuwar sarƙa ta ƙi abin canja giyar, shi kuma ya ƙi maɓallin da ke mariƙi. Kowane ƙarfe da na sa sai ya aike ni neman ɗan'uwansa. Yaya bai sake zuwa ba, ni kuma na ɗauki shirun nasa a matsayin haƙuri.

A wata na bakwai na goge keken tas na hau na kai masa gida. Ya fito tsakar gida yana dafa bango, matarsa a bayansa. Ya zagaya keken sau ɗaya, ya shafa sirdin, wanda shi kaɗai ne ban taɓa ba. Sannan ya kama mariƙi ya ɗaga ƙafa. Ba ta kai ko saman taya ba. Sai a lokacin na lura sabon fok ɗin ya fi na da tsawo, ya ɗaga gaban keken da sandar tsakiya kusan yatsa huɗu. Na kwantar masa da keken gefe, ya sake gwadawa, ya kasa. Muka kai shi kan dakalin ƙofar ɗaki, ni na riƙe keken, ita ta riƙe shi ta ƙugu, da haka ya zauna. Ya ɗora ƙafa a feda, na tura a hankali. Fedar dama ta taso, ta kusa kaiwa sama, gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa. Muka koma baya muka sake, a nan dai ta sake tsayawa.

Ya daɗe a zaune. Sai ya matse birki, ya danna gaban keken sau biyu, ya nutse ya taso ba ƙara.

"Da laushi kam," ya ce. "Sauke ni."

Da muka zaunar da shi a kujera na shiga zuba. Na ce zan cire fok ɗin in nemo sandararre, zan sauke sirdi, zan rage tsawon hannun feda, kwana biyu kawai. Matarsa ta shige ɗaki, kuma da ta tsaya ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Yaya ya bari na gama.

"Ranar da na zo a mota," ya ce, "na ga tayoyinsa ta ƙarƙashin tamfol. Duka biyun a ƙasa suke."

Na tambaye shi me ya hana shi magana.

"Fuskarka ce. Tun kana ƙarami, in ka samu abin kwancewa haka take yi. Na ce bari in ƙara maka mako guda."

Mun koma wurin likita. Ya lanƙwasa ƙafar ya miƙe, ya tambayi wata nawa, aka gaya masa, bai dubi kowa ba ya rubuta takarda. An yi wata biyu ana kai Yaya gashi da motsa ƙafa. Ciwon ya ragu, lanƙwasar ba ta dawo ba. Keken yana zaurensu a jingine. Sau biyu na ce a kawo in sayar, ya ce a bar shi.

Makon jiya ya shigo shagon da sandar dogarawa, sabuwa, ta ƙarfe mara nauyi. Ya ce robar gindinta ta fita, tana zame masa a kan siminti. Na jawo masa benci, ya ƙi zama.

"Roba kawai, Injiniya. Kuma a tsaye zan jira."

Na buɗe aljihun tebur ina neman robar da za ta yi. A gefe akwai wani ɗan sifirin, faɗinsa daidai da bakin sandar, kamar don ita aka yi shi. Na ɗauki robar na rufe aljihun. Na ɗumama ta, na cusa, na buga a ƙasa sau uku. Ko minti biyar ba a yi ba. Ya karɓa ya gwada, ya ce ta yi. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsa, ya ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya wuce shagon mai walda.