'Yar Rahoton Baba Mai Agogo

Na buga ƙofar har hannuna ya fara zafi, babu wanda ya amsa. Ta ƙarƙashinta kuwa haske na fitowa, fari tas, ya kwanta a kan yatsun ƙafata.

"Baba! Baba Mai Agogo! Ni ce, Tela."

Shiru. Sai ƙarar agogunansa kawai daga ciki, kowanne da nasa saurin.

Kafinta, wanda shagonsa ke bakin layinmu, ya ƙaraso yana goge hannu da tsumma. "Ke kuwa lafiya? Ga fitilarsa nan a kunne. Bar tsoho ya huta mana."

"A kunne take, amma ba ta motsa ba."

"Fitilar ce za ta motsa? Ƙafa gare ta?"

"Don Allah je ka ɗauko guduma," na ce. Ya dubi fuskata, ya daina dariyar, ya juya da sauri.

Wata 'yar siririyar hanya ce ta raba gidana da na Baba. Tagar da na kafa keken ɗinkina tana kallon tagoginsa uku: ta falo, ta kicin, da ta ɗakin marigayiya matarsa. Gyaran agogo ne sana'arsa tun ban san kaina ba, har hannu ya fara rawa, mutane kuma suka koma duba lokaci a waya. Shi kaɗai yake zaune. 'Yarsa Auta ma'aikaciyar jinya ce a wani gari mai nisa, kuma ita ce ta kawo fitilar.

Bara ne ya faɗi a banɗaki. Auta ta zo da akwati da niyyar tafiya da shi, suka yi ta ja-in-ja har muna ji daga gidana. Ya ce gawarsa ce kawai za ta bar gidan nan. Da ta ga ba za ta iya da shi ba, sai ta fita ta dawo da fitila mai caji, 'yar dunƙulalla mai mariƙi, irin wadda ake haɗawa da waya. A gabana ta yi masa sharaɗin.

"Baba, duk lokacin da ka kunna ta, zan gani a wayata. Kullum rana ta faɗi ka taɓa ta, in san kana lafiya. Ranar da ba ta kama ba, wallahi ba zan saurare ka ba, zuwa zan yi in ɗauke ka. Anti Tela ce shaida."

Ya juya fitilar a hannu, ya leƙa ƙasanta ta saman tabarau. "Wato 'yar rahoto kika kawo mini."

Sunan ya bi ta. In cajinta ya yi ƙasa sai wani ɗan jan ɗigo ya fara ƙiftawa a gindinta, ya rungumo ta zuwa gidana, don ni ke da sola. "Ga 'Yar Rahoto, Tela, yunwa take ji. A ba ta ta ƙoshi, ta ji ƙarfin kai ƙarata."

Ni ba mai leƙen gidan mutane ba ce, amma wanda ke ɗinki a bakin taga dole idonsa ya ga abin da ke gabansa. Na haddace tafiyar fitilar nan. Da almuru ta kama a tagar falo. Jim kaɗan ta tashi, ta ɓace, ta ɓullo a kicin, inda yake dafa shayinsa. Daga nan ta koma ɗakin marigayiya, ta tsaya a can ta daɗe. Tafiyar a hankali take, tana ɗan karkata hagu saboda ƙugunsa. In ya wuce tagar falo yakan ɗaga ta sama kaɗan, ni kuma in ɗaga almakashi.

Na taɓa tambayarsa me yake yi a ɗakin da ba kowa.

"Tsohuwar tawa tsoron duhu gare ta," ya ce, kamar mai ba da labarin wadda ta je kasuwa. "Shekara da shekaru ni ke kai mata haske kafin in kwanta. In na koma wurin Auta, wa zai kai?"

Tausayinsa ya kama ni, tsoro ma ya ɗan kama ni.

Wata rana, watanni kaɗan da suka wuce, rana ta faɗi fitila ba ta kama ba. Kafin in sa takalmi Auta ta kira ni tana kuka. Na tarar da shi a kujera, jiri ya kwashe shi, bai san inda yake ba. Da ya dawo hayyacinsa ya karɓi wayar, ya ce barci ne ya sace shi. Auta ta ce wannan ne na ƙarshe. Washegari na hango shi a bakin taga, ya kifa fitilar a cinya, madubin gyaran agogo a idonsa, yana latsa wasu ƙananan maɓallai a ƙasanta.

"Baba, kar ka lalata ta!" na ɗaga murya.

"Tarbiyya nake mata," ya ce. "Duk abin da ke da agogo a cikinsa, ƙanena ne."

Na yi dariya na koma kan ɗinkina. Tun daga ranar fitilar ba ta ƙara makara ba.

Yau ma ta kama a kan lokaci. Na ɗaga almakashi, ba a ɗaga mini ba. Na gama hannun riga guda, na ɗago, tana nan. Tagar kicin duhu, tagar marigayiya duhu. Shi ne na ruga na hau buga ƙofarsa.

Kafinta ya dawo da guduma da kurfi. Bugu kaɗan sakatar ta saki. Falon a share, agogunan bango na ta aikinsu. Baba na zaune a kujerarsa, kansa ya karkata, tabarau ya zame zuwa bakin hanci. A kan teburi ga kofin shayin safe, rabi, ya yi sanyi har ya yi fata. Fitilar tana can kan taga, nesa da hannunsa.

Kafinta ya taɓa wuyansa, ya janye hannu a hankali. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ai ya daɗe, Tela. Jikin ya sandare."

"To wa ya kunna ta?"

Muka dubi fitilar, muka dubi juna. Kafinta, ƙaton mutum, ya ja da baya har ya bugi ƙofa.

Ni na kira Auta. Ban gama magana ba ta katse ni.

"A'a, Anti. A'a. Ga ta nan a wayata, a kunne take. Yanzun nan ya kunna. Ki duba dai, barci yake."

"Auta, ki yi haƙuri."

"Na ce miki a kunne take!"

Washegari, bayan an kai shi, mutane sun watse, muka zauna ni da ita a falon. Ba wanda ya tuna da fitila. Auta na naɗe tabaraunsa a hankici, ɗakin na ƙara duhu. Kawai sai haske ya cika falon. Ta yi ƙara ta riƙe hannuna.

Ita ce ta fara dawowa cikin hankalinta. Ta ɗauko fitilar, ta kifa ta, ta ga wata 'yar alamar agogo na haske a ƙasan. Ta buɗe wayarta ta yi ta jan yatsa sama. Kullum a lokaci ɗaya fitilar ke kamawa, ba bambancin ko minti, tun ranar da jirin nan ya kwashe shi.

"Saita ta ya yi," ta ce. "Ni ina can ina cewa Baba ya zama mai jin magana. Anti, sau nawa ya faɗi ban sani ba?"

"Ban sani ba. Amma kullum yana kai ta ɗakin mamanki. Wannan na gani da idona."

Ta ɗago. "Ɗakin Mama?"

Sai na gaya mata abin da ya gaya mini. Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. "Tsohon nan! Ya ce gawarsa ce za ta bar gidan, kuma sai da ya yi."

Na so in kwana tare da ita, ta ce in je in huta. Kafin in fita na nuna mata maɓallin da ake kashewa. Ta gyaɗa kai, ba ta taɓa shi ba.

Washegari kuma da almuru ina bakin keke, ban iya ɗinka komai ba. Fitilar ta kama a tagar falo. Na sunkuyar da kai don kar in gani. Da na ɗago, babu ita a wurin.

Ta ɓullo a kicin. Na san Auta ce, na sani sarai, amma na kasa ɗauke ido daga tagar. Hasken ya ɗan tsaya, ya sake ɓacewa. Sai labulen ɗakin marigayiya ya yi fari daga ciki, ya tsaya a can ya daɗe.

Na laluba teburi, na ɗaga almakashi.