Tukunyar Daddawar Inna Asabe

Duk wanda ya taɓa shan miya da daddawar batson Inna Asabe a Bande, to ya bar yabon ta wani. 'Yarta Mubaraka ce kawai ta san dalili a ilmance. A wani labo take aiki a Yamai, inda suke kiwon ƙananan halittun da ido ba ya gani, suna gyara su don su riƙa samar da amino asid mai yawa, sinadarin nan da ke sa miya ta yi garɗi. Ta san sirrin yana jikin tsohuwar tukunyar da Inna ke rufe dafaffen gurguzu a ciki. Shekara arba'in ba a kankare ta ba, halittun suna zaune a bangonta suna hayayyafa.

Sau nawa Inna ta ce mata, "Ki zo ki ɗebi ƙwarin naki tun ina da rai." Ita kuwa kullum sai an yi hutu. Masu boko ke nan, suna ganin kowa zai jira su. Inna ta rasu ana tsakiyar girbin gero. Ragowar daddawarta aka zuba a miyar masu zaman makoki, Mubaraka da kanta ta ci, kuka bai bar ta ta yi tunani ba.

Sai da ta koma Yamai hankalinta ya dawo. Ta kira ƙanenta Mutari a waya.

"Tukunyar Inna, ku adana mini ita da kyau. Ina nan tafe."

Bayan sati biyu ta sauka a tashar Magarya, ta hau babur zuwa Bande da 'yan kwalabe da auduga a jaka. Ba binciken ne kaɗai ya dame ta ba. So take ko da cokali ɗaya ne ta sake jin hannun uwarta a miya.

Lubabatu matar Mutari ce ta tarye ta da murna, ta ja ta zuwa rumfa. Ga tukunyar a kife kan sabuwar tabarma, ja wur kamar yau aka gina ta.

"Yaya, da na ji za ki tafi da ita birni, na ce ba za a yi mana dariya ba," in ji Lubabatu. "Kwana biyu ina kankara da ɓawon ƙwarya da toka. Warin ya ƙi fita, sai na tara karan gero na sake gasa ta."

Da wanki ne kawai, da wasu sun tsira. Wuta ba ta barin ko ɗaya, kuma Mubaraka ta fi kowa sanin haka. Ta durƙusa ta birkice tukunyar, ta cusa fuskarta ciki ta shaƙa. Ƙaurin hayaƙi ne kurum. A nan ta ji mutuwar Inna fiye da ranar da aka fita da gawarta.

Da ta ɗago, Lubabatu na tsaye tana jiran yabo, yatsunta duk sun saɓule, da ƙuna a bayan hannu.

"Ta yi, Yaya?"

Mubaraka ta daɗe tana kallon hannuwan nan.

"Ta yi, Lubabatu," ta ce. "Sannu da aiki."