Farin Gashin Kaza

Effie MacVicar ta sha wuya a ofisoshin soja kafin a sako mata ƙanenta, Murdo. Yana ɗan shekara goma sha biyar ya shiga soja, kuma duk garin an san haka. Aikin ramin kwal ne ya buɗa masa ƙirji tun da wuri, shi ya sa Saje Dunlop mai ɗibar sababbin sojoji ya dube shi sama da ƙasa ya ce ya isa. Saje ɗin nan fa maƙwabcinsu ne, a gabansa aka yaye yaron.

Iyayensu sun rasu, ita ta rene shi. Ta bi limamin coci, ta bi likita, ta tafi har birnin Halifax da kuɗin wankau, ana yi mata je-ki-ki-dawo. Kafin a ce an ciro shi daga fagen yaƙi a Faransa, yaron ya riga ya kwana cikin taɓo da gawarwaki, ya shaƙi hayaƙi mai guba, ya ɗauko amininsa a kafaɗa babu ƙafafu. Ladan da ya samu shi ne a karɓe kakinsa, a ce ya yi ƙaryar shekaru. Su da suka karɓi ƙaryar hannu bibbiyu babu wanda ya ce musu uffan.

Ya dawo da tari. Ba ya magana. Effie ba ta damu ba, tunda yana numfashi a gidanta. Abin da take so kawai yaƙin ya ƙare yana raye.

Ran Lahadi an tashi daga coci, sai ga matar manajan ramin kwal, Madam Pettigrew, da ƙawayenta sun tare ƙofa. Aikin da suka ba kansu ke nan a lokacin, duk saurayin da suka gani babu kaki sai su soka masa farin gashin kaza a riga, alamar ragon namiji. Ta ɗaga kai ta dubi Murdo, ta soka masa a aljihun kwat, tana murmushi.

"Ƙato kamarka, 'yan'uwanka suna can, kai kana nan kana cin dankali?"

Effie ta fizge gashin ta watsa mata a fuska.

"Ke! Kin san wanda kika taɓa? Yaron nan daga can ya fito! Ji tarinsa, ji mana!"

"To ina lambarsa ta soja? Ni ban ga komai a ƙirjinsa ba."

"Naki ɗan fa? Yana ina? Ba yana ofishin ubansa yana ɗumama ƙafa ba? 'Ya'yan talakawa ne kaɗai Allah ya yi don harsashi? Mara kunya kawai!"

Jama'a suka yi cirko-cirko. Maza da suka san komai, waɗanda suka yi aiki da ubansu a rami ɗaya, suka sunkuyar da kai suna gyaran hula, saboda kowa yana tsoron a kore shi daga aiki. Wannan shirun ya fi ƙona wa Effie rai fiye da matar. Da ta waiwaya, Murdo ya riga ya yi nisa, kunnuwansa jajur.

A gida ta zuba masa miya, bai taɓa ba.

"Rabu da ita, Murdo. Tsohuwar banza ce."

"Yaya, a gaban mutane kika tare mini faɗa kamar jariri. Can ba wanda ya taɓa ce mini rago. Ke kika dawo da ni nan."

"Eh, ni ce! Da in binne ka gara su zage ka har su gaji!"

Washegari ta dawo daga kai wanki ta tarar ba ya nan. Da gudu ta nufi tashar jirgin ƙasa, ƙanƙara na shiga takalminta. Jirgin sojoji ya riga ya tayar, Saje Dunlop yana tsaye yana cusa taba a lofe. Ta ci kwalarsa.

"Ina ƙanena?"

"Sake ni, 'yar nan. Babu wani MacVicar a cikin mutanena."

"Ƙarya kake, la'ananne! Ka sake ɗaukarsa!"

"Wanda ya ce mini ya kai, ya kai. Ni ba ungozoma ba ne."

Can ta hango Murdo a tagar jirgin. Ta bi jirgin tana dukan ƙarfen da tafin hannu, tana rantsuwa sai ta sake dawo da shi ko da za ta je Ottawa, babban birnin ƙasar, da ƙafa. Ya leƙo, fuskarsa ba fushi ba dariya.

"Kada ki wahalar da kanki, Yaya. Ba da sunanmu na shiga ba."

"Da wane suna? Murdo, da wane suna?"

Ya ja gilashin ya rufe.