Kore da Rawaya a Shagon Shayina

'Yata Mwanaidi ta gama koyon zane a kwaleji, amma ba wanda ya ba ta aiki. Kullum tana ɗaki, ko ƙannenta ta daina tsokana. Shi ya sa da ta ce za ta yi wa shagon shayina da ke unguwar Temeke fenti, na ce to.

Ta yi wa bango kore, ƙofa da tagogi rawaya. Ta ce launukan maƙwabtan juna ne, suna kwantar da ido. Ya yi kyau, ban musa ba. Amma ina gani na san akwai matsala, don masu shan shayina duk 'yan ƙungiyar ƙwallon Simba ne masu jar riga, kore da rawaya kuwa na abokiyar hamayyarsu Yanga ne. Ita ba ruwanta da ƙwallo. Na ga murmushinta, na yi shiru.

Washegari Mzee Kibwana, dattijon da ya fi kowa daɗewa a bencina, ya ja ya tsaya a bakin titi.

"Baban Mwanaidi, yaushe ka sauya sheƙa?"

"Fenti ne kawai, Mzee. Shigo, ga burodin chapati da zafinsa."

"Ajiye wa sababbin 'yan uwanka."

Ya tsallaka titi zuwa shagon shayin Mama Nyamizi, sauran suka bi shi. Kullum chapati sai ya bushe a faranti, in koma gida in ce kasuwa lafiya.

Wata rana Mwanaidi ta leƙo, ta tarar da benci ba kowa, ga 'yan tsallake suna yi mini tsiya wai na koma Yanga. Nan ta gane.

"Baba, me ya hana ka faɗa mini?"

"Aikinki ne na farko."

Ta daɗe tana kallon bangon. Na ce zan sayo farar ƙasa mu shafe, ta girgiza kai.

"Bar shi. Ja ba ya fitowa a ko'ina kamar a gaban kore."

Ta yi wa benci da tebura da kantar shagon jan fenti. Ya fito kuwa, har daga tsallake yana ɗaukar ido.

Mzee Kibwana ya zo ya duba, ya taɓa ya ji ko ya bushe.

"Ato, ja ya danne su," ya ce, ya zauna ya juya wa bango baya.

Wasu sun dawo, wasu sun saba da shayin Mama Nyamizi. Mwanaidi ta ɗauki hoton shagon, yanzu da sassafe take fita tana nuna wa masu kantuna a kasuwar Kariakoo. Ni kuma na rage waken da nake jiƙawa don masu cin chapati, tunda ba duka suka dawo ba.