Kwana Biyu a Bayan Bango

Karo na uku ke nan Haulatu ta danna ƙararrawar ƙofar maƙwabciyarta, tsohuwa Tsuruta, ta ja da baya tana saurare. Shiru. Allon sanarwar unguwa, wanda ake miƙawa daga ƙofa zuwa ƙofa, yana nan rataye inda ta maƙala shi shekaranjiya. Wannan tsohuwa kuwa allon bai taɓa yin awa guda a hannunta ba ta buga hatiminta ta tura shi gaba ba.

Ta koma ɗaki ta kira mijinta Sagir a wurin aikinsa na kwance tsofaffin motoci.

"Har yanzu allon yana nan. Jaridar jiya da ta yau ma ba a ɗauka ba."

"To ina ruwanki? Ƙila ta tafi Osaka wurin ɗanta."

"Da ta tafi da ta sa an tsayar da jaridar. Ka san halinta."

"Don na san halinta nake ce miki ki fita sabgarta. Takardar gargaɗi biyu mai gidan hayar nan ya aiko mana saboda ita. Ta uku ta zo, sai mu kwashe komatsanmu, kuma kin ga wuyar da muka sha kafin a ba baƙo gida a garin nan."

Gaskiya ya faɗa, sai dai gaskiyar ba ta sanyaya mata rai ba. Takardar farko a kan daka ce, ranar da ta ɗan kirɓa yaji a hawa na uku. Ta biyu ita ta fi yi mata ciwo. Ta ji tsohuwar tana tari ta bango, ta yi mata farfesun kaza, ta tura ƙofa da sallama ta shige har ɗaki, kamar yadda za ta yi a Funtuwa. Tsuruta ta karɓi kwanon da hannu biyu, ta rusuna, sannan ta kira sunanta yadda bakinta ya iya, haɗe da "san" ɗin girmamawa na mutanen garin, ta ce, "Haura-san, a nan idan kina ganin mutuncin mutum, ƙyale shi ake yi."

Haulatu ta riƙe wannan magana gam. Shekara uku tana koyo: ware shara, sassauta murya, gaisuwar da ba a haɗa ta da tambayar kwanan iyali. Har ta fara jin kanta, tana yi wa sabbin zuwa gyara. Shi ya sa jiya da ta ji wani ɗan ƙwas-ƙwas ta bango, ta ce wa zuciyarta bututun ruwa ne, ta ci gaba da shanya.

Ta kira ofishin masu kula da ginin. Wata murya mai laushi ta ba ta haƙuri sau huɗu, ta ce ba a buɗe gidan mutum sai da izinin danginsa, za a neme su, ƙila gobe.

Ta ajiye wayar ta manna kunnenta da bango. Ta daɗe ba ta ji komai ba. Can sai ga shi, ƙwas, ƙwas. Sau biyu kawai, ya ɗauke.

Tsoro ya kama ta. Ta fita baranda. Siririn katako ne ya raba tata da ta tsohuwar, an rubuta a jikinsa cewa a fasa shi idan gobara ta tashi. Babu gobara. Idan ta fasa ta tarar da matar nan tana shan shayi, shi ke nan, gida ya tafi, kuma da wane ido za ta kalli Sagir? Ta tattare zaninta, ta yi bisimilla, ta kai wa katakon ƙafa. A karo na biyu ya ɓurme.

Ƙofar gilashin ba a kulle take ba. Tsuruta tana kwance a ƙasa tsakanin murhu da teburin cin abinci, ƙafa ɗaya a karkace, leɓɓanta sun bushe sun tsage. Ludayi ne a hannunta.

"Tsuruta-san, ni ce. Kada ki motsa."

Tsohuwar ta buɗe ido da ƙyar. "Kin fasa katakon gobara."

"Na fasa."

"Za a yi magana."

"A yi."

Haulatu ta kira motar asibiti, ta faɗi lambar gida har sau biyu. Ta jiƙa tsumma tana ɗiga mata ruwa a baki.

"Ki ce musu kada su kunna jiniya," in ji tsohuwar. "Mai jegon da ke ƙasa ba ta samun barci."

"Yanzu ta mai jego kike, baiwar Allah? Tun yaushe kike nan?"

"Shekaranjiya. Na ji ki jiya a bakin ƙofa. Na san takunki, kin fi kowa jan takalmi."

"Me ya hana ki kira ni?"

"Na ɗan buga bango. Sai kuma na ji kunya." Ta lumshe ido. "Ki gafarce ni, na ɗora miki wahala."

Haulatu ta so ta daka mata tsawa, ta so ta rungume ta. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta riƙe hannun mai sanyi har masu motar suka hawo da gadon ɗaukar marasa lafiya. Da jiniyarsu suka zo, kuma duk ginin babu wanda ya leƙo.

Kwanan tsohuwar uku a asibiti ta cika. Takarda ta uku ba ta zo ba. Sagir ya yi hamdala da hakan, Haulatu kuwa ko a jikinta.

Bayan mako guda ɗan tsohuwar ya zo daga Osaka, dattijo mai furfura cikin baƙar kwat. Ya tsaya a bakin ƙofa ya rusuna har tana ganin tsakiyar kansa, ya miƙo mata ɗan kwali a naɗe.

"Mahaifiyata ta dame ku. Ku yi haƙuri."

"Ina da tambaya," in ji Haulatu. "Da an kai ta tun ranar da ta faɗi, da ta tashi?"

Ya dubi takalmansa. "Likita ya ce ta yi juriya ƙwarai." Ya sake rusunawa, ya sauka a hankali don kada takunsa ya yi ƙara.

Ta gane amsar. A Funtuwa ko akuyar maƙwabci ce ta yi kukan da ba a saba ji ba, sai an leƙa. Ita ta ji mutum, ta tsaya ladabi. Baƙin ciki ya rufe ta, ga shi ko kukan ma a hankali ta iya yinsa yanzu.

Da la'asar aka fara yayyafi. Ta fita kwashe kayanta, sai ta hango ta ramin katakon, safa fara ƙafa biyu da ɗan tawul suna lilo a igiyar tsohuwar. Ta sunkuya ta ratsa, ta cire su, ta ninke a kan gwiwarta. Ta tsaya riƙe da su a barandar, ruwa yana ƙaruwa.